Kalmomi Biyar na Likita

"Cokali... taga..." Malama ta tsaya, baki buɗe. Kalmomi biyar likita ya faɗa mata ɗazu, ya ce ta riƙe. Sauran ukun sun yi ɓatan dabo.

"Agogo, akuya, madubi," in ji Yaya daga kan benci, tana gyara ɗankwali. Rakiya kawai ta yo, ba wanda ya sa bakinta.

Likita ya yi dariya. "Mama, ke ce babba?"

"Shekara bakwai na ba ta."

Malama ta ji kamar ta shaƙe ta. Shekara talatin tana shugabar makaranta, ita ke karanta wa dangi takardu, ita ake tambaya ranar haihuwar kowa. Yaya kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa, dillancin zannuwa ta yi gida-gida har dugaduganta suka yi faso. Yau ita ce mai kai!

Likita ya nuna hoton kan Malama. Ya ce hawan jinin da ta yi wa riƙon sakainar kashi ya ƙuntata ƙananan jijiyoyi, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa tunani ke nauyi. Ga magani, sannan tafiyar ƙasa kullum. "Kamar dai yayarki."

Wannan maganar ta fi mata allura zafi.

A bakin asibiti Yaya ta ɗaga wa tasi hannu.

"Da ƙafa za mu," in ji Malama.

"Ke da ko shagon bakin layi sai a mota?"

"Tafiyar ma gadonki ce?"

Malama ta yi gaba fuu, jaka a hammata, don kada a ce a nan ma an fi ta. A mararrabar da ke gaban kantin magani ta ja ta tsaya. Shekara arba'in tana bin titin nan, amma dama ne ko hagu? Ta sunkuya kamar mai ɗaure takalmi.

Yaya ta iso. Ta dubi takalmin, ba shi da ko igiya. Sai ta karya hagu tana jan ƙafa a hankali.

Malama ta miƙe ta cim mata. "Ke ba kya sauri ne?"

"Tsufa, Auta. Wuce gaba, ke kika san hanya."

Malama ta wuce, haushi fal cikinta, kunnenta na baya yana bin takun Yaya.