Motar Baba Sai da Turi

Tun da mantuwa ta kama Baba, gidanmu bai sake sanin zama ba. Ya tashi daga kujera, ya leƙa taga, ya lalubi aljihu, ya nufi ƙofa. In na tare shi, sai ya dube ni kamar wadda ta yi ɓatan gida ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga motata ba?" Ni, autarsa, wai baiwar Allah. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Motar kuwa tana bayan gida, tsohuwar a-kori-kura ce da ƙafafunta huɗu duk ke ja. Da ita ya yi ta kai wa masu haƙar rijiya kaya, ta hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara. Tayoyi sun sace, tsatsa ta ci bodi, kaji sun mai da kujerar direba wurin ƙwai. Mun sha kai shi gabanta, ya ce wannan ai gwangwani ne.

Yaya ne ya ce a gyara ta. A ganinsa, in Baba ya gan ta yadda ya san ta, wataƙila mu ma ya gane mu. Na ce masa tatsuniya ce, amma ni na riga shi kiran bakanike.

Aka ja ta zuwa gareji, ni ma na koma can da zama. In tsaya kan mai walda, in zagaya wurin mai fenti, in ce koren ya yi duhu, a sake. In na koma gida Baba na sintiri, in na dawo gareji ni ke sintiri. Ran nan bakaniken ya fito daga ƙarƙashinta, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Ƙanwata, kallo ba ya ɗaure noti. Ki je gida, don Allah."

Ranar da aka kawo ta, sai sheƙi take. Bakanike ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, ya kashe, ya sake, yana ta washe baki. Na riƙo hannun Baba muka fito.

Ya zagaya ta yana shafa bodi. Ya buɗe ƙofa ya hau da kansa, mutumin da takalmi ma sai an sa masa. Ya taka kulochi, ya sa giya ta biyu, ya riƙe sitiyari, ya zauna yana jira.

"Baba, ga makulli nan, murɗawa kawai za ka yi," in ji Yaya.

"Malam, ba ka san ta ba," Baba ya ce.

Sai a nan na tuna. Motar nan ba ta taɓa tashi da makulli ba a iya sanina. Kullum da safe sai da turi, mu ne kuma masu turin, da kayan makaranta a jikinmu. Mun gyara komai, har da abin da bai kamata mu taɓa ba.

Na sa bakanike ya shiga gefen Baba, ya buɗe wuta, ya ɗora hannu kan birkin hannu. Yaya ya naɗe hannun riga yana ƙunƙuni, muka dafa bayanta. Nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Muka tura, takalmina ɗaya ya fice, Yaya na haki kamar tsohon injin niƙa. Baba ya saki kulochi, ta yi tsalle, ta yi tari, ta kama.

Ya taka birki. Na ruga wajen tagarsa ƙafa ɗaya ba takalmi. Fuskarsa ta sake, rabon da in ga haka har na manta. Ya dube ni sosai, na tsaya ina jira.

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah, mun wahalar da ke," ya ce. "Taimaka ki leƙa ciki ki kira mini Auta. Ki ce ta yi sauri. Sauran su taho a ƙasa, amma ita ba na tafiya in bar ta."