Ƙyaure Goma Sha Huɗu Zuwa Wirrabong

Duk wanda ya san Glenys Tuckwell ya san idan ta ɗaure baki ta daina surutu, to wani zai sha wuya. Ita ke tuƙa motar 'yan makaranta a Wirrabong, jikokinta uku na cikin yara tara da suka rage a makarantar.

Abin da ya ɗaure mata baki shi ne maganar Malama Delphine, malamarsu guda ɗaya tilo. Ma'aikatar ilimi ta yanke mata alawus ɗin zaman nesa, wai sai garin da ya kai kilomita ɗari biyu daga birnin yanki ake ba shi, Wirrabong kuwa ɗari da tamanin da bakwai ne a taswira. Delphine ta faɗa wa matar mai gidan mai, ita kuma ta faɗa wa kowa, cewa a ƙarshen zango za ta koma inda ake biya. In ta tafi, an rufe makaranta ke nan.

Glenys ta san inda aka yi kuskuren. Hanyar da ke taswira ta bi ta gadar da ambaliya ta cinye tun tana amarya. Ta rubuta wasiƙa huɗu, aka amsa mata da godiya. Da ta ji za a turo jami'i ya duba, sai ta buga waya ta ce ita da kanta za ta ɗauko shi daga birnin, kada ya wahala.

Mista Penhale ne, siriri, da takalmi mai sheƙi. Kafin su tashi ta sa shi ya mayar da ma'aunin tafiyar a-kori-kurarta sifili da yatsansa. Sai suka bi hanyar da kowa ke bi, wadda ta ratsa gonakin shanu.

A ƙyauren shinge na farko ta tsaya, ta naɗe hannu. Ya dube ta.

"Ɗan nan, a nan wanda ke zaune a gefe shi ke buɗe ƙyaure. Ka kuma rufe shi yadda ka same shi."

Ya sauka. A na biyar ya tuɓe kwat. A na tara sarƙa ta tsage masa yatsa, ƙudaje suka yi masa rawani, ya tambaya cikin ladabi ko babu wata hanya. Ta ce akwai mana, ta cikin taswirarsa, in ya iya iyo da mota. A na sha ɗaya ya manta bai rufe ba, ta bari sai da suka yi nisa kafin ta tuna masa, ya koma da ƙafa. Wasu sun ce da gangan ta yi. Ni dai ban ce ba.

Da suka tsaya ƙofar makaranta, ta nuna masa ma'aunin: ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ya ce zai kai rahoto, ofis zai duba.

"Rubuta a nan, ranka ya daɗe, ka sa hannu, Malama ta gani," in ji ta. "Komawa ma ƙyaure sha huɗu ne, kuma ni ce direba."

A kan bonet ɗin motar ya ɗora takarda ya rubuta nisan da ya gani, da yatsa a naɗe. Delphine ta karanta sau biyu, ta shiga aji, ta fara fito da littattafai daga kwalayen da ta riga ta ɗaure.