Gangar Na'iya a cikin gilashi

Ɗanmaliki bai taɓa kiran wurin gidan tarihi ba. Shi a wurinsa zaure ne da ya cika da tarkace, mutanen Tambuwal ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, har ya bi shi. Akwai akussa, da tsohuwar masaƙa, da ƙoran Fulani masu zane, duk kayan mutane ne da suka kawo ajiya don kada 'ya'yansu su hura wuta da su. Ajiyar kuma ba ta hana aro. Mai biki sai ya zo ya ɗauki akushin kakarsa, a ci tuwo, a wanke, a mayar.

Da Allah ya yi wa Ɗanmaliki rasuwa, zauren ya faɗo a wuyan 'yarsa Lauratu, malamar firamare. Rufi na yoyo, gara ta kama masaƙa, yaran zamani kuwa ko leƙe ba sa yi. Tsoronta ɗaya ne, kada abin da mahaifinta ya tara ya mutu a hannunta. Don haka da wata ƙungiya daga Sakkwato ta ce za ta sa kwanon rufi da wutar sola da akwatunan gilashi, sai ta ji kamar an sauke mata dutse. Sharaɗinsu shi ne abin da ya shiga gilashi hannu ba ya ƙara taɓa shi, mabuɗai kuma suna wurin jami'insu Isah, wanda sai ya ga dama yake zuwa. Ta amince, kuma gaskiya abin ya yi kasuwa: makarantu daga Jabo da Sanyinna suka riƙa kawo ɗalibai, ana ta ɗaukar hoto.

Abin da ta manta shi ne Na'iya. Makaɗin noma ne daga Fakku ta ƙasar Kebbe, aminin mahaifinta, wanda ya kawo gangarsa ajiya tun da aka daina gayya aka koma feshin magani. Duk shekara, da ruwan fari ya sauka, sai ya zo ya fitar da ita rana, ya shafa mata man shanu, ya ja igiyoyinta, ya buga wa Ɗanmaliki takensa, wato kiɗan da ake zuga shi da shi a gona tun yana saurayi. Sannan ya rataye ta ya koma gida.

Bana ma da aka yi ruwan fari sai ga shi a bayan mashin, idanunsa sun gama tafiya. Lauratu ta kama sandarsa ta shigar da shi. Ya miƙa hannu daidai inda gangar take rataye a da, ya taɓo abu mai sanyi.

“Mi na wanga, ɗiyata?”

“Gilashi na, Baba. Ganga tana ciki, lahiya lau. Kowa ka ganin ta.”

“Ni da hannu nika gani,” in ji shi.

Kunya ta rufe ta. Ta kira Isah a waya, ya ce yana taro, kuma ko da yana kusa doka ba ta yarda ba. Ta dubi ɗan kwaɗon, abin da dutse guda zai ɓalle, ta tuna da kwanon rufi da motocin ɗalibai, sai ta fasa. Ta roƙi tsohon ya yi haƙuri ya dawo bayan shuka, za ta san yadda za ta yi.

Na'iya bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin da ta fi samun sauƙi. Man shanun da ya ƙunso a leda ya riga ya narke a yatsunsa. Ya ɗora tafin hannu a kan gilashin ya buga taken Ɗanmaliki a hankali, daga farko har ƙarshe, sautin ba ya ko kai bakin ƙofa. Lauratu ta gane kiɗan, ta juya baya tana share hawaye da mayafi. Ya ce a gaishe da mutanen gida, ya hau mashin.

Bai dawo bayan shuka ba. Gero na fitar da kai aka aiko daga Fakku cewa ya rasu.

Ranar da ta dawo daga ta'aziyya ba ta nemi izinin kowa ba, ta ɗauko dutse ta ɓalle kwaɗon. Fatar gangar ta bushe a zafin akwatin, ta tsage daga gefe zuwa gefe. Daga baya ta zauna da 'yan ƙungiyar ta kafe, har suka yarda mai kaya ya riƙa taɓa kayansa, a koma ba da aro kamar da. Akussa sun sake cin tuwon biki. An sa wa gangar sabuwar fata, an bar akwatinta a buɗe, sai dai duk ƙasar Kebbe da Tambuwal ta nema, ba ta samu wanda ya san taken ba.

Shatin yatsun nan na man shanu yana nan a kan gilashin. Duk mai shara da aka ɗauka, abin da Lauratu take fara gaya masa shi ne kada ya goge wurin.