Ƙofar da Ke Cewa An Cika

Jan Biro suke kiranta a cibiyar koyon sana'o'i, kuma ba ta taɓa bari sun ga sunan ya sosa mata rai ba. Ita ce malamar ajin Turanci na manya, wanda ake yi da hantsi saboda matan da suka bar makaranta da wuri, daga baya sana'a ta zo tana neman Turancin a hannunsu. Tun tana ɗaliba idonta ba ya iya tsallake kuskure. In ta ga an rubuta "loose" inda ake nufin "lose", ji take kamar ta tauna tsakuwa.

Halin nan ya cinye mata mutane. Yayarta ta daina rubuto mata saƙo, sai dai ta turo murya. Wani da ya so ta ya taɓa rubuto mata "am missing you", ta tambaye shi inda ya baro "I" ɗin. Daga ranar, shi da "I" ɗin babu wanda ya dawo.

Da Darakta kuwa, sanarwa ce ta haɗa su. Ya liƙa takarda a bango ta fara da "All staffs", ita kuma ta zo wucewa ta soke "s" ɗin ƙarshe da ja. Ya kira ta ofis.

"Malama, koyarwa aka ɗauke ki, ba alƙalanci ba. Ranar da na sake ganin bironki a jikin wani abu na cibiyar nan, ki ɗauki jakarki."

Bayan hutu aka mayar da ajinta wani ɗaki a bene, aka sa masa sabuwar ƙofar ƙarfe mai rufe kanta, wadda sai an jawo ta waje take buɗewa. Ƙanin matar Darakta, mai fenti, shi aka ba aikin rubutu. Aka ce ya rubuta PULL, wato a ja. Kunnensa irin namu ne, bai raba "p" da "f" ba. Ya zana fararen haruffa manya, tsaf da su: FULL. An cika.

Ta je ta sami Darakta.

"Yallaɓai, rubutun ƙofata ba daidai ba ne."

"Ful aka ce ya rubuta, ful ya rubuta."

"Pull, Yallaɓai."

"To me na ce?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu. "Na karanta na gane, kowa ma zai gane. Ke dai ba kya ganin abu ki bar shi."

Ba kowa ya gane ba. Matan da suka zo neman gurbi a farkon zango sun san ɗan Turancin da ya isa ya kore su. Su tura ƙofa ta ƙi, su ɗaga kai su karanta, su juya. Wata rana ta ji takun mutum, ta fito da gudu, ta cim ma wata a matakala.

"Baiwar Allah, aji kika zo?"

"Ai na ga an cika. Maƙwabciyata ma ta gaya mini, na ce bari in gani da idona."

"Ba a cika ba. Ko mutum ɗaya babu."

Matar ta dube ta irin duban da ake yi wa mai tallan da kayansa suka kwana. "To, zan dawo," ta ce, ba ta kuma dawo ba. Magana ta riga ta shiga unguwa, kuma zancen da ya fita ba a kamo shi da gudu a matakala.

Ta tokare ƙofar da kujera, Darakta ya sa aka cire, wai ta tare hanyar ofishinsa. Ta liƙa takarda a kan rubutun, sakatariya ta ɓare ta kafin azahar. Sai ta koma zama. Kullum da safe ta share allo, ta rubuta kwanan wata, ta jera kujeru, ta zauna tana jin ƙarar kekunan ɗinki daga ajin ƙasa da dariyar 'yan ajin kwamfuta ta bango. Fanka na juyawa a kan kujerun da babu kowa. Wani lokaci ta karanta darasin da ƙarfi don kada muryarta ta yi tsatsa.

A ɗakin malamai kuwa ta zama abin nishaɗi.

"Jan Biro, yaya ɗalibai?" in ji sakatariya. "Na ji an ce ajinki ful, ko wurin sa ƙafa babu."

Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki kofinta ta koma sama, kanta a miƙe.

Sai Darakta ya aiko mata: in wata ya ƙare babu ɗaliba, za a mayar da ɗakin ma'ajiyar kekuna. Bai faɗi inda za a ajiye malamar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da yamma ta biya gidan yayarta, ta same ta a tsakar gida tana shafa jan farce. Ta zayyana mata komai.

"Ke ma dai, auta," in ji yayar, tana hura yatsu. "Ki je ki ba shi haƙuri mana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Haƙurin me, Yaya? Ni na rubuta?"

"Kin ji ki ko? Harafi ɗaya ne zai ba ki abinci?"

"Harafi ɗayan ne zai hana ni."

"Wallahi ko a kabarinki aka yi kuskure sai kin taso."

"Sai na taso."

Yayar ta yi dariya ta shige ɗaki. Ita kuwa ta tsaya tana kallon 'yar kwalbar da aka bari a kan tabarma, da siririn burushinta. Ta sa ta a jaka.

Washegari ba ta yi a ɓoye ba. Ta jira sai da baranda ta cika da masu wucewa, sannan ta tsaya gaban ƙofar ta buɗe kwalbar. Abin da ya raba F da P ɗan lanƙwasa ne kawai, a rufe bakin da aka bari a buɗe. Ta ja shi a hankali, ta sake bi don ya yi kauri. Ja ne fal a tsakiyar farare, makaho ma ya gani.

Kafin ya bushe Darakta ya iso, sakatariya na bayansa.

"Me na gaya miki?"

"Biro ka ce, Yallaɓai. Wannan jan farce ne."

Wani a baranda ya tuntsire da dariya, dariyar kuwa ita ta ƙarasa ta. Fuskar Darakta ta murtuke.

"Yau ce ranarki ta ƙarshe."

"Na ji," ta ce. Ta jawo ƙofar ta shiga.

Tana cikin haɗa littattafanta sai ƙofar ta buɗe. Wata dattijuwa ce, da tef ɗin awo rataye a wuya, tana haki saboda matakala.

"Sannu, 'yata. Nan ne ajin Turanci? Na zo kwanaki na ga ful, na koma. Yau na kawo gyaran keken ɗinki, na ce bari in leƙo, sai na ga an canza."

"Yanzu me aka rubuta, Mama?"

"Ful."

Malamar ta ajiye littafin da ke hannunta.

"Amma wannan mai ciki ne," in ji dattijuwar, "irin na ƙofar asibiti. Mai ciki shi ne a ja. Marar cikin ne an cika."

Dariya ta ƙwace wa malamar, ta farko tun da aka kawo ta ɗakin, har sai da ta goge ido. Ta jawo kujera ta gaba.

"Zauna, Mama. Haɗa leɓɓanki, ki rufe su gam. Yanzu sake su da iska. Pull."

"Ful."

"Ba ki rufe ba. Sake."

Dattijuwar ta damƙe baki kamar mai riƙe allura, ta kumbura kumatu, ta saki. Abin ya fito da ƙarfi har ita kanta ta firgita.

"Shi ke nan fa!" in ji malamar.

"Ikon Allah! To gobe ƙarfe nawa? Akwai wasu a layinmu, in gaya musu."

Malamar ta dubi jakarta da ke ɗaure a kan tebur, ta dubi jerin kujeru.

"Gobe ba na nan, Mama."

"Ina za ki?"

"Ban sani ba tukuna." Ta ɗauki alli ta juya ga allo. "Amma yau ina nan har a tashi. Sake faɗa in ji."