Zaren Kitso a Bakin Kilarinet

"Ya sake zamewa," in ji Baba Saïdou, ya miƙo mini kilarinet ɗinsa, algaitar nan ta Turawa, kamar ni na ƙera ta.

Ni Rahamatou mai kitso ce, ɗakina na manne da nasa a unguwar Akébé, katako ne kawai a tsakaninmu. Ina ni ina busa? Amma shekara tara ina jin tarin tsohon nan, sai na ajiye matsefi na karɓa.

Akwai ɗan siririn harshe da ake ɗaurawa a bakin kilarinet, shi ke ba da sauti. Nasa na kara duk danshin garin nan ya sa musu fumfuna, sai wani tsohon abokin busarsa ya kawo masa na roba. Na roba kuwa santsin tsiya gare shi. Maɗaurin ƙarfen, wanda Baba ke kira ligatir, in an matse shi sautin ya shaƙe, in an sassauta harshen ya zame.

"Baba, lokotoro ya ce ka adana numfashinka."

"In adana in kai ma wa? Akwai taken da na yi ma Fatouma ran da muka fara ganin teku. Yana gudu daga kaina, ɗiyata. In na ishe ta can ta ce in busa, mi zan ce mata?"

Fatouma matarsa ce, ta rasu tun kafin in zo unguwar. Maganar ta tsaya mini a rai. Na hau taksi har unguwar Glass, mai kantin kayan kiɗa ya zube mini ligatir uku, duk ƙarfe, duk 'yan uwan namu. Na dawo hannu wofi ina jin haushin kaina.

Ranar Talata da hantsi ana yayyafi, ina yi wa wata kitson zare. Gashinta ya sha mai, sai sulɓi yake, amma zaren ya kama shi cak. Na dubi hannuna. Na bar baiwar Allah da rabin kai tana ta faɗa, na faɗa ɗakin Baba.

"Riƙe harshen da babban yatsa," na ce masa.

Na naɗa baƙin zaren layi bisa layi, ba matsi ba sassauci, na soke bakinsa yadda nake yi wa kan amare. Ya sa a baki, ya lumshe ido.

Sautin ya fito siriri, yana rawa, sannan ya miƙe. Ya bi ƙarar ruwa a kan kwano, ya fita tsakar gida, har mai rabin kai ta yi shiru. Na ji kamar ɗakin ya tashi yana lilo a kan ruwa, ga ƙanshin gishiri, alhali teku na da nisa da mu. Ya kai taken har ƙarshe. Ni dai kuka nake, ban ma ɓoye ba.

Ya sauke kilarinet ɗin yana kallon ƙofa, yana murmushi.

"Ɗiyata, gusa kaɗan. Kin tare ma Fatouma hanya."

Na gusa.

Ranar Alhamis bayan azahar tarin ya daina. Da aka dawo daga maƙabarta na shiga in share ɗakin. Kilarinet ɗin na jingine a bakin taga inda ya bar ta, harshen na nan daram, iska na kaɗa ɗan wutsiyar zaren da ban yanke ba.