Bayan Makaranta

Layi biyar ne suka rage babu komai a fom ɗin Naja'atu. Gidauniyar da za ta biya wa ɗalibai uku na Gwarzo kuɗin jami'a ta tambayi maki, ta rubuta. Ta tambayi kwas, ta sa aikin gona. Tambaya ta ƙarshe da dogon Turanci ta zo, sai da Malama Halima Sa'adiya, mai koyar da su Turanci, ta fassara wa ajin.

"Abin da kuke yi bayan makaranta suke son ji."

Tun shigar Naja'atu aji shida mahaifinta, Malam Hambali, ya cire ta daga ƙungiyar muhawara, ya ce daga aji sai lasin har a gama JAMB. To wa ya gaya wa mutanen gidauniya zancen bayan makaranta? Ta ga tunda an sani, ɓoyo ba shi da amfani. Ta cika layukan tsaf.

Malama ta karanta, ta cire tabarau, ta yi dariya har da share hawaye.

"Bayan an tashi nake nufi, 'yar nan. Ba bayan katanga ba."

"In goge, Malama?"

"Ki goge me? Duk ajin nan karance-karance suka rubuta. Ki kai wa Baba ya sa hannu, gobe za a rufe karɓa."

Nan gizo ke saƙarsa a ranta, domin Malam Hambali ba ya sa hannu a takardar da bai ji abin da ke cikinta ba. Da la'asar ta durƙusa gefen tabarmarsa a Getso, ta fassara masa layi-layi. Kunya shida na wake a bayan katangar makaranta. Uku tana fesa musu ruwan jiƙaƙƙen ganyen darbejiya, uku ta bar su haka, tana ƙirga furen da ya zube.

"Yaushe kike wannan?"

"Talata da Alhamis, Baba."

"Lokacin lasin ɗin lissafi ke nan."

"Rabinsa."

"Shi ya sa kika dawo ta huɗu daga ta biyu."

Ya naɗe fom ɗin, ya sa a aljihu, ya tura babur waje.

"Hau."

A bayan katangar ya tsuguna ya daɗe. Ya juya ganye, ya murza kwanso, ya leƙa ƙarƙashin fure. Kunya uku sun sha ɓula kamar rariya, irin yadda gonarsa ta kan hanyar Kabo ta koma bana duk da maganin kanti. Ukun da take fesa wa darbejiya kuwa kore shar, kwanso har ƙasa.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗora fom ɗin a kan sirdin babur ya sa hannu.

"Lissafin nan za ki rama shi, Asabar da Lahadi."

"To, Baba."

"Da safe." Ya maida murfin biro, bai dube ta ba. "Da yamma akwai wani lasin ɗin a gonata. Damƙi nawa na ganyen kike sawa a bokiti?"

"Sai ka yi rajistar lasin ɗin tukuna, Baba."

Ya buga babur sau biyu kafin ya tashi, kafaɗunsa na rawa saboda dariya.