Barewar da Ta Shanye Wata

Kafin a gasa, duk launukan Inna kamar toka suke. Garin da zai zama shuɗi da wanda zai zama ja ko kore, ido ba ya raba su sai wuta ta ci su. Shekara arba'in da ɗaya tana gina tukwane tana zana su, kwalaben launin na jere a kanta ɗaya bisa tsari ɗaya. Tun da yanar ido ta rufe mata gani, 'ya'yanta suka ɗauka da wannan jerin take gane su.

Ranar Talata, Auta, wadda ke zana tsuntsaye a littattafan makaranta, ta zo ta share ɗakin aikin. Ta sauke kwalabe bakwai, ta goge kantar, ta mayar da su. Sai da aka toshe bakin tanderu ranar Alhamis ta tuna ba ta kula da jerin ba.

A cikin tanderun akwai faranti mai faɗin kamu biyu da Inna ta zana ranar Laraba. Yaya, babban ɗanta, ya riga ya yanke magana: idan ya fito a ɓace, zai rufe ɗakin ya ɗauke ta zuwa gidansa. Inna ta yarda, da sharaɗin idan ya fito daidai ba zai sake tayar da zancen ba.

Auta ta gaya wa Yaya zancen kwalaben a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke dai hannunki ba ya barin abu ya zauna lafiya," in ji shi. "To ki gaya mata."

"Ka gaya mata kai, ba kai ne babba ba?"

"Girman nawa bai kai nan ba."

Da safiyar Asabar suka cire bulo goma sha biyun da ke toshe bakin tanderun. Yaya ya naɗe hannu da tsumma ya jawo farantin, ya ɗora a benci.

Tatsuniyar da take yi musu suna yara ce a jikin farantin: barewar da ƙishi ya sa ta shanye wata a tafki. Ruwan shuɗi ne mai duhu, yana haske zuwa gaɓa. Barewar ja ce, kuma ta cikin haƙarƙarinta ana hango watan, fari tas. Ciyawar bakin ruwa ta kwanta gefe guda kamar iska ta wuce yanzu. Auta ta ƙirga jinjimi tara, kowanne da irin tsayuwarsa. Ita da ke da ido biyu da tabarau ba ta taɓa samun wuyan jinjimi haka ba.

Inna ta bi zanen da yatsa, ta kan layukan da ta tsaga da ƙusa tun yumɓun yana ɗanye.

"Inna, na hargitsa miki kwalabe," Auta ta ce.

"Na sani, sarkin shara. Kin sa ja a mazaunin kore." Ta murza yatsu biyu. "Ja laushi gare shi kamar fulawa. Shuɗi da ɗan yashi-yashi. Kore kuwa manne wa fata yake. Ku ne kuke kallon kwalba."

Yaya ya daɗe a tsugune gaban farantin. Da ya miƙe, sai ya leƙa bayan ƙofa inda ake ajiye yumɓu.

"Wannan ba zai kai ki ƙarshen wata ba," ya ce. "Buhu nawa zan kawo?"